Hoton da Yaya Bai Ɗauka Ba

Yayana mai hoto ne, kuma da sunan sana'ar kowa ya san shi. Ko 'ya'yansa, in aka tambaye su daga wane gida suke, gidan Mai Hoto suke cewa. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a shago ɗaya, a layin da ya bi ta bayan kasuwa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, yara kuma kowa ya kama gabansa, sai Yaya ya ce in dawo wurinsa. Zaman banza ba ya karɓa ta, don haka na riƙa bin sa shago. Aikina shara, goge gilashi, da saka hotuna a ambulan. In mace ta zo ɗaukar fasfo ni nake gyara mata mayafi. Shi yana tsaye daga nesa yana cewa, “Ɗan ɗago haɓa. A'a, ba sama za ki duba ba, ba a rataye komai a can ba.”

Shagon ɗaki biyu ne. Na gaba yana da benci, da shuɗin labule wanda rana ta cinye gefensa, da kujerar zama mai guntuwar ƙafa ɗaya, wadda Yaya yake tokarewa da ninkakken kwali tun kafin in yi aure. Na ciki shi ne ɗakin wankin hoto. Yanzu ba a wanke komai a can, inji ne yake fito da hoto kafin mutum ya gama saka takalmi, amma har gobe in ka buɗe ƙofar warin maganin nan mai tsami zai tare ka. A nan yake ajiye tsofaffin negetif, wato baƙin fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, cikin gwangwanayen biskit, kowanne da shekararsa a murfi. Ba ya bari in goge su. Ya ce ya san inda kowace ƙura take kwance.

Abin da ba ya wasa da shi shi ne hatimi. Kowane hoto, ko da fasfo ne da bai kai akwatin ashana ba, sai ya kifa shi ya buga masa sunansa a baya, ya hura masa iska sau biyu, sannan ya miƙo mini. Yakan ce aikin da ba suna akuya ce da ba igiya, duk wanda ya gani ya kora gida.

Akwai labarin da duk wanda ya zauna a bencin nan ya wuce minti goma ya ji shi. Wata shekara Yaya yana wurin aski, an aske masa rabin kai, sai ya ɗaga ido ya ga kalanda a bango. Hoton da ke kanta nasa ne, kasuwa da safe, wanda ya ɗauka daga saman wani bene. Ba sunansa, ba kowa ya tambaye shi. Ya miƙe da ƙyallen aski a wuya, ya ciro kalandar, ya karanta adireshin mai bugawa, ya kama hanya da rabin gashi. Mai kalanda ya ce masa, “Malam, takarda tawa, tawada tawa, inji nawa. Hoton ma saya na yi a hannun wani.” Yaya ya ce, “Takardar da hoton yake kai ka saya. Idon da ya hango shi fa, an haɗa maka a cikin cinikin?” Bai bar wurin ba sai da mutumin ya ba da haƙuri, ya kuma yarda zai liƙa sunan Yaya a duk kalandar da ta rage. Sai bayan la'asar ya koma aka ƙarasa askin. In yana ba da labarin, a daidai maganar ido yakan dakata ya dubi mai sauraro, don a ji daɗinta sosai.

To, a bangon shagon, daidai inda ido yake fara sauka in an shigo, akwai wani hoto a firam, baƙi da fari. Ruwan sama ne ake tsugawa. Wani tela ya ɗauko keken ɗinkinsa a ka yana tsallake kwata, matarsa tana biye da laima. Amma ba kanta ta rufe ba, ba kuma mijin ba, keken ta rufe. Su biyun sun jiƙe sharkaf, suna dariya har ana ganin giɓin matar. Na ga mutane sun shigo da fushin layi ko fushin gida, su tsaya gaban hoton nan, fuskarsu ta saki. Shekara talatin yana wurin. A bayansa akwai hatimin Yaya. Amma ba Yaya ya ɗauke shi ba.

A wancan lokacin akwai mai gyaran agogo da yake kafa teburinsa a ƙofar shagon, daga hagu. Siririn mutum, mai ɗan madubin nan da ake maƙalawa a ido, bakinsa ba ya hutawa. Shi da Yaya kwano ɗaya suke ci, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Ranar da abin ya faru haƙori ya hana Yaya sakat, ya tafi a cire masa, ya bar wa Mai Agogo jiran shago, kyamara tana kan tebur. Ruwa ya sauko, tela da matarsa suka ɓullo, Mai Agogo ya ɗauki kyamara ya danna sau ɗaya ya mayar. Bai faɗa ba. Sai da Yaya ya wanke fim ya ga baƙo a ciki. Ya fito da kumburarren kunci yana faɗa an yi masa asarar fim. Kwana biyu bayan nan ya fitar da hoton babba, ya buga hatimi, ya rataye.

Daga nan abin ya zama wasansu. In wani ya yaba hoton, sai Mai Agogo ya leƙo ya ce, “Na gode, aikina ne.” Yaya ya ce, “Da kyamarar wa? Da fim ɗin wa? Wa ya wanke?” A yi dariya a wuce. Baƙi suna ɗauka barkwanci ne kawai, mu manyan gida mun san gaskiya ce aka yi wa rigar wasa.

Abin da ya raba su bai taka kara ya karya ba. Yaya ya ƙara tsawon rumfar shago, bai lura ba indararon ya koma daidai kan teburin Mai Agogo. Ruwan farko da aka yi, agogo goma sha ɗaya na mutane suka sha. Mai Agogo ya ce ganganci ne, Yaya ya ce mai hankali ba ya kafa tebur a ƙarƙashin indararo. Mai Agogo ya ce teburin ya riga indararon zuwa duniya. Magana ta ja magana. Washegari ya kwashe kayansa ya koma bakin tasha. Shekara goma sha ɗaya ke nan. In an haɗu a jana'iza suna yin sallama, don kada a ce gaba suke, amma irin sallamar nan da ake yi wa katanga. Na yi wa Yaya magana sau biyu a kan haka. Ya ce, “Ke dai ki ci gaba da yi mana addu'a.” Na ci gaba.

Babbar 'yar Yaya malamar makarantar sakandare ce, da 'ya'yanta huɗu. Kowa Malama yake ce mata, har ubanta. Ita ce ta kwashi wata da watanni tana buɗe gwangwanayen nan a ranakun hutu, ta zaɓi hotuna, ta kai wa wata maɗaba'a. Suka ce za su buga littafi. Ta bi gida-gida wurin waɗanda fuskarsu ta fito ƙarara, ko 'ya'yansu in sun rasu, tana neman yardarsu. Tela da matarsa sun daɗe da rasuwa, amma ɗansu ya ce a buga, har ya roƙi a ajiye masa guda. Yaya ya yi kamar abin bai dame shi ba. Amma na lura ya kai babbar rigarsa wurin guga tun saura mako biyu.

Ranar sa hannu a yarjejeniya mutumin maɗaba'a ya zo da kansa, wani dattijo-dattijo mai sanyin murya. Ya zauna a benci, ya buɗe jaka, ya fito da samfurin bangon littafin. Tela ne da matarsa da laima, sunan Yaya a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Ya ce, “Baba, wannan hoton shi ya sa muka ce a buga. Duk wanda ya shigo ofis ya gan shi sai ya tsaya.”

Yaya ya gyara zama ya ce, “Haka yake yi wa mutane.”

Aka miƙa masa takarda. Yaya ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba, ko takardar wutar lantarki ce. Ya saka tabarau, yana bin layi da ɗan yatsa, leɓensa yana motsi. Ya zo wani wuri ya tsaya. Ya koma farkon layin. Sannan ya ce, “Nan da aka ce na tabbatar duk hotunan ni na ɗauke su da kaina, da kaina ɗin nan dole ne?”

“Dole ne, Baba. Da matsala?”

“Babu matsala. Tambaya ce. A ce mutum ya bar kyamararsa a kan tebur, da fim ɗinsa a ciki, wani ya zo ya danna ba da izini ba. Mai kyamara ya wanke da maganinsa, ya fitar a takardarsa. Hoton na wa?”

Mutumin ya ce, “Na wanda ya danna.”

“Ba da izini ba fa na ce.”

“Wannan laifin taɓa kaya ne, sai ku sasanta. Amma in wani ya ɗauki alƙalaminka ya rubuta wa matarsa wasiƙa, Baba, wasiƙar ta zama taka?”

Malama ta dubi ubanta, ta dubi bango, ta juyo gare ni. “Gwaggo, wane hoto ake magana?”

Idona ya riga ya tafi wurin laimar.

Ta dafe kai ta ce, “Wai da gaske Baba Mai Agogo yake yi duk shekarun nan?”

Yaya ya ce shekara talatin hoton yana rataye, Mai Agogo ya san yana nan, bai taɓa cewa a sauke ba. Mutumin maɗaba'a ya ce rataye shi a shago da saninsa daban, buga shi dubbai a sayar da sunan wani daban. Haƙƙin mallaka na mai aikin ne, in ji shi, kuma ba ya tashi daga kansa don ya yi shiru. In ana son hoton, sai mai shi ya rubuta ya yarda, a kuma sa sunansa. In bai yarda ba, a cire. Ya ce zai koma da maganar ofis, amma ba zai ɓoye ba, in babu wannan bangon bai san ko za su ci gaba da aikin a bana ba. Ya bar wata takardar ta neman izini a kan tebur, ya ce nan da kwana goma za a kai aiki inji.

Da ya fita Malama ta ce a hankali, “Baba, da ka yi shiru ai ba wanda zai sani.”

Ya ce, “Ni na sani. Gwaggonki ta sani. Kuma wancan mai bakin, in ya ga littafin, har kifin cikin ruwa sai ya sani.”

Kwana uku Yaya yana kicin-kicin. Ba zai sa hannu a kan ƙarya ba, ba kuma zai je tasha ba. Yana ta maimaita wa duk wanda ya shigo cewa kyamara tasa, fim nasa, magani nasa. A rana ta uku muna karyawa a tsakar gida, ya sake ɗauko maganar. Matarsa, wadda ba ta cika sa baki a harkar shago ba, tana zuba masa shayi ta ce, “Baban Malama, ni fa maganar nan kamar na taɓa jin ta.”

“A ina?”

“Takarda tawa, tawada tawa, inji nawa. Ba haka mutumin nan ya ce maka ba, ranar da ka zaga gari da rabin kai? Me ka ce masa ma? Na manta, ai sau ɗari biyu kawai na ji.”

Yaya ya ajiye kofi. Ya dube ta, ya dube ni, ni kuwa na duƙufa a kan burodina. Can ya ce, “Shayin nan ba sukari.” Ta ce ta sa cokali biyu. Ya shanye, ya shiga ɗaki, ya fito da hula. Ya ce mini, “Tashi ki raka ni. In na je ni kaɗai zai ce ban zo ba.”

Teburin Mai Agogo yana jikin katangar tasha, ƙarƙashin wata 'yar rumfar kwano. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari fat, amma bakin yana nan yadda muka bar shi. Yanzu yawancin aikinsa canza batir ne da sayar da maɗauri. Ya hango mu tun daga nesa, sai ya maƙala madubinsa ya sunkuya a kan wani agogon da na tabbata lafiyarsa ƙalau.

Yaya ya yi sallama. Ya amsa bai ɗago ba. Sannan ya ce, “A'a, ƙanwarmu ce? Sannu da zuwa. Ya haƙuri? Ga kujera. Wannan da kika zo da shi, agogonsa ne ya tsaya?”

Na ce, “Yaya ne ai.”

“Na ga kama.”

Yaya ya tsaya a rana, ya yi bayani tun daga littafi har zuwa takarda, yana magana kamar mai karanta sanarwa. Mai Agogo ya karɓi takardar, ya karanta ta da madubin gyaran agogo, kalma-kalma, har da ƙananan rubutun ƙasa. Ya ɗago.

“Wato hotona.”

“Hoton da ka danna.”

“Wanda na yi asarar fim a kansa.”

Mai Agogo bai tsaya nan ba.

“Shekara talatin ina cewa nawa ne ana dariya. Yau da bature ya rubuta a takarda...”

“Ba bature ba ne, ɗan gari ne.”

“Ko ma wane ne. Yau ka yarda don kana so a buga sunanka a littafi. Da ba littafi, da har in mutu ni ne mahaukacin da yake cewa ya ɗauki hoto.” Ya ninke takardar ya miƙo. “Ban yarda ba.”

Na zaci Yaya zai tayar da maganar indararo, don na ga leɓensa ya motsa. Bai tayar ba. Ya karɓi takardar ya sa a aljihu, ya ce, “Haƙƙinka ne.” Muka juyo. Sai da muka kusa shago ya ce, “Kin san abin haushin? Gaskiya ya faɗa.”

Washegari da safe na zo shara na tarar ya riga ni. Ya sauke hoton daga bango, wurin ya bar fari tas a tsakiyar fentin da ya dafe. Ya buɗe bayan firam, ya ja layi a kan hatiminsa da biro, ya rubuta sunan Mai Agogo a ƙasa, da shekarar. Ya shiga ɗakin wanki ya ciro negetif ɗin daga gwangwani, ya sa a ambulan. Sannan ya kira Malama a waya ya ce ta gaya wa mutanen maɗaba'a su cire hoton. In sun fasa littafin, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ina jin muryarta daga inda nake tana cewa a ƙara roƙon Mai Agogo, ita za ta je. Ya ce, “Ba a roƙon mutum abinsa sau biyu. Na farko tambaya ce, na biyu matsi.”

Ya naɗe firam ɗin a tsohon labule ya ba ni, haɗe da ambulan ɗin. “Kai masa. Ki ce kayansa ne da suka daɗe a wurina. Kada ki ƙara komai.”

Na kai. Ban ƙara komai ba, sai dai da Mai Agogo ya juya firam ɗin na ɗan nuna masa inda aka ja layi, don idonsa ba kamar da ba. Ya daɗe yana kallo. Ya buɗe ambulan, ya ɗaga negetif ɗin sama yana dubawa a hasken rana. Ya ce, “Takardar fa?” Na ce ba a aiko ni da takarda ba. Ya ce, “Littafin fa?” Na ce wataƙila an fasa. Ya ce, “Hmm.” Na yi masa sallama na tafi.

Kwana huɗu bangon yana nan da farin tabonsa. Masu shigowa suna tambaya ina tela, Yaya yana cewa ya koma wurin mai shi. A rana ta biyar, da hantsi, ina goge gilashi sai ga Mai Agogo da firam a hammata. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga kai ya daɗe yana duban indararo. Sannan ya shigo.

Ya ce, “Katangar tasha ba ta riƙe ƙusa. A gida kuma jikoki za su fasa. Na zo in ba ka ajiya. Ajiya na ce.”

Yaya ya ce, “Na ji.”

“Ina takardar nan?”

Tana aljihun Yaya, a ninke yadda aka miƙo masa. Mai Agogo ya zauna a kujerar ɗaukar hoto, ta yi gefe da shi, ya ce, “Har yanzu ba ka gyara gurguwar nan ba?” Ya shimfiɗa takardar a gwiwa. Kafin ya sa hannu ya kafa sharuɗɗa. Sunansa a ƙarƙashin hoton, ba a can ƙarshen littafi inda ba mai zuwa ba. Kuma a rubuta mai gyaran agogo, kada wani ya zaci mai hoto ne ya raina masa sana'a. Na ƙarshe, Yaya ya faɗa da bakinsa, a gaban shaida, cewa ba asarar fim ba ce.

Yaya ya dube ni. Na ajiye tsumma na gyara tsayuwa, tunda ni ce shaidar.

Ya ce, “Ba asara ba ce.”

“Ban ji ba, kunnen ya tsufa.”

“Na ce ba asara ba ce. Ya fi duk abin da na ɗauka a shekarar.”

“A shekarar kawai?”

“Kada ka wuce gona da iri.”

Mai Agogo ya yi dariya har da tari, ya sa hannu. Da yake miƙa biron ya ce, “Indararon nan dai a karkace yake.” Yaya ya ce, “Wannan ba ya cikin takarda.” Aka kira azahar suna kan musun, suka fita tare, kowa yana nuna wa ɗan'uwansa rufin da hannu.

Littafin ya fito bayan wata huɗu. Hotuna tamanin da shida, tamanin da biyar na Yaya. Na karanta shi daga bango zuwa bango, duk da karatuna ba mai nisa ba ne, kuma rubutun ba yawa. Akwai maigidana a shafi na talatin, yana tsaye a bayan wasu mutane, bai ma san ana ɗauka ba. Malama ta tambaye ni kafin ta sa, na ce ta sa.

Abin da ba wanda ya hango shi ne yadda Mai Agogo zai ɗauki abin. Ya sa nasa littafin a cikin akwatin gilashi tare da agogunan sayarwa. Duk wanda ya zo canza batir sai an nuna masa. Wasu ɗalibai suka zo shago da littafin suna neman wanda ya ɗauki hoton bango ya sa musu hannu, Yaya da kansa ya kwatanta musu hanyar tasha. Da suka fita ya ce mini, “Shekara arba'in da ɗaya ina shaƙar magani a ɗaki mai duhu. Shi ya danna sau ɗaya.” Na ce kowa da rabonsa. Ya ce, “Na sani. Faɗa kawai nake.”

Teburin bai dawo ba, Mai Agogo ya ce ya saba da mutanen tasha. Amma duk ranar da kasuwa ta yi sanyi yakan zo ya zauna a benci su yi ta musu. A irin wannan zaman ne ya ce hannunsa yana ƙaiƙayi, a ba shi kyamara ya ƙara ɗaya, don mutane suna tambayar sauran aikinsa. Yaya ya ba shi ba musu, har ya nuna masa inda ake dannawa a ta zamani. Ya fita bakin titi, ya daɗe yana auna wani mai tura baro da ya ɗoro katifa, ya danna. Yaya ya fitar a inji. Rabin hoton babban yatsan Mai Agogo ne. Sauran rabin, tayar baro da ƙafar wani mutum da ba a san ko wane ne ba.

Yaya ya kifa shi, ya rubuta sunan Mai Agogo a baya da kyakkyawan rubutu, ya ce, “Ranka ya daɗe, ina neman izini. Ina so in fitar da shi babba in rataye kusa da na tela, jama'a su ga sauran aikin.”

Mai Agogo ya karɓa, ya duba da ido, ya ciro madubinsa ya sake dubawa. Ya zura hoton a aljihun gaba ya danna maɓallin aljihun.

Ya ce, “Ban ba da izini ba.”